Aron Rariya

Ranar da kuɗin tallafi suka shigo, matar ɗan Inna ta sayo mata sabuwar rariya. "Inna, kin huta da aro."

Ta huta kuwa. Shekara arba'in tana tsallaka hanya aron rariyar maƙwabciyarta, su zauna suna cin naman mutane har rana ta take. Yanzu ciki ya cika, amma wata guda ba su haɗu ba.

Inna ta tura rariyar ƙarƙashin gado, ta ja sandarta. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis, maƙwabciyar riƙe da ƙoƙo.

"Sammini gishiri."

"Ke da aka sauke wa buhu?"

"Ɓera ya cinye. Ina za ki?"

"Aron rariya."

"Taki fa, munafuka?"

"Ɓeran nan ne dai."