Lotsewar da Ta Ƙi Miƙewa

Wendell ya sake ɗora guduma kan lotsewar gaban tsohuwar motar marigayi babansa. Kullum ya miƙar da wurin, gari na wayewa sai ya koma yadda yake.

"Shekara da shekaru tsohon nan ya kulle ki a gareji, ni za ki raina wa hankali?" ya ce wa motar.

"Ɗan nan, ajiye gudumar."

Mama Odessa ce, maƙwabciyarsu, wadda mota ta kaɗe ɗanta har lahira tun ba a haifi Wendell ba, direban ya tsere.

Ta durƙusa, ta shafa lotsewar a hankali kamar mai shafa kan yaro.

"Daina dukansa haka. Tun ranar da ka buɗe garejin nan nake jin kukan ɗana."