Ɗakin Ƙanƙarar Alhaji Sadiƙu

Muttaƙa ya kusantar da fuskarsa ga akwatin wutar har yana jin ɗuminsa a hanci. Tabaraunsa na aiki na can rataye a kan babur, a ƙofar kasuwar Badagishiri. Aikin minti kaɗan ne, wa zai koma don tabarau?

Ɗakin ƙanƙarar Alhaji Sadiƙu ba shi da taga ko ɗaya. Ƙwan fitila guda ne a rataye, sai firizoji jere da bango. Masu gyaran wuta na garin duk sun yafe ɗakin tun ranar da aka fito da gawar abokin sana'arsu Seyni daga cikinsa, da sukudireba a hannu. Wai marigayin bai bar wurin ba, shi ke kashe wa mutane fitila. Muttaƙa dariya yake yi wa zancen. Shi daga Ƙonni aka ɗauko shi, kuma mutumin Ƙonni bai cika yarda akwai abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Da ya buɗe murfin ya ga ciwon. Fis ya daɗe da ƙonewa, wani mai dabara ya naɗa jar waya mai kauri a gurbinsa, yadda ake yi ko'ina idan kasuwa ta ci kuma ƙanƙara na narkewa. Fis dai an yi shi ne ya mutu don gida ya tsira, ita kuwa waya ba ta san wannan kara ba. Ya sa filaya zai zare ta, bakin ƙarfen ya goga wayar da ke kusa.

Tas! Wani farin haske ya tashi, ƙara ta jefa shi da bango. Sai duhu.

Ya jima a zaune, kunnuwansa na amo, fuskarsa na raɗaɗi kamar an watsa masa barkono. Ƙwan ya mutu, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ƙofar fa? A buɗe ya bar ta. Iska ce, in ji shi a ransa, ko da yake bai ji iska ba.

Warin roba mai ƙonewa ya cika ɗakin. In wutar ta kama silin, nan za a tarar da shi kamar Seyni. Ya lalubo wayarsa ta salula ya danna tocila. Babu komai. Ya zaro ashana ya ƙyasta, ya ji ƙarar kamawarta, ya ji ta cinye tsinken har ta lashi yatsansa, amma ko ƙyallinta bai gani ba. A nan ne tsoro ya shige shi, na gaske.

«Seyni,» ya ce, «ni ban yi maka komi ba. Ka bar ni in hita.»

Ya kama bango yana ja da jiki, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Bangon ya ƙare, hannunsa ya faɗa sarari. Ƙasa ta zama yashi a ƙarƙashin ƙafarsa. Zafi ya sauko masa a ƙeya, ya tabbata gobarar ce ta iso kansa. Sai muryoyi suka taso ta ko'ina, maza da mata, suna salati ƙasa-ƙasa, suna matsowa. Ɗaki ɗaya ba zai ɗauki mutane haka ba. Ya tuna Lauratu, matarsa, da ta ce ya sayo mata albasa in zai dawo.

Wani hannu mai sanyi ya damƙi wuyan hannunsa. Muttaƙa ya kurma ihu.

«Ni na, Sadiƙu. Tsaya, ɗana, kak ka taɓa huskarka.» Hannun Alhaji a jiƙe yake da ruwan ƙanƙara.

«Alhaji, don Allah a buɗe ƙohwa! A kawo hitila, duhun ga zai kashe ni!»

Wata mata ta fashe da kuka. Alhaji ya ƙara riƙe shi, ya yi magana a hankali.

«Wane duhu, Muttaƙa? Tsakiyar kasuwa kake tsaye, ga rana bisa kanka.»