Filastar da Aka Tsinta a Kwalin Kifi

Hidde, Renske, ku zauna. Tjerk, ajiye wayar nan, ba da bango nake magana ba. Wiebe Postma yana kwance a gidan jinya, an ce da wuya ya ga ƙarshen wata, kuma ya aiko yana so in je. Kun san shekara talatin da takwas ban amsa gaisuwarsa ba. Ku ji yadda aka yi, sannan ku gaya mini in je ko kar in je.

A lokacin dukanmu 'yan ƙwadago ne a masana'antar kifin da ke bakin tashar jiragen ruwa. Jirage su sauke kaya da safe, mu jeru a ƙofa cikin takalman roba, shugaban layi ya fito yana nuna mutane da biro: kai, ke, kai. Wanda biro ya tsallake ya koma gida. Mai son a riƙa nuna shi kada ya makara, kada ya yi ƙorafi, kuma kada ya yanke.

Yankewar ita ce matsala, don wuƙar gyaran kifi ba ta da aboki. Doka ta ce in ka yanke ka je ofis a sa maka shuɗiyar filasta, wadda ko ta faɗa cikin kifi ido zai gan ta. Amma ɗan ƙwadagon da ya shiga ofis da jini ya zama mai ganganci ke nan, gobe biro ba zai san shi ba. Sai kowa ya riƙa zuwa da filastar gida mai launin fata, ya naɗe a ɓoye, ya zura safar hannu.

A shekarar aka ce za a ɗauki mutum biyu aikin dindindin. Gurbin farko kowa ya san na Aukje ne: mijinta ya tafi teku bai dawo ba, yara biyu, hannu kamar inji. Na biyu tsakanin Wiebe ne da ubanku. Ni ina da cikin Hidde wata shida, ubanku kuma mura ta kama shi a makon da abin ya faru, har burodinsa da safar hannu yake ci.

Wiebe kuwa, hm. Gashi a shafe da mai kamar mai zuwa biki, “yallaɓai” ba ya barin bakinsa. Shi ne mai kai wa shugaban layi kofi, shi ne mai fara dariya tun shugaba bai ƙarasa barkwancinsa ba.

Sai wani mai saye daga Jamus ya dawo da kaya mota guda. An tsinci filasta mai launin fata a cikin kwali.

Shugaban layi ya jera mu. “Ta wace ce, ko ta wane ne?” Kowa ya ga takalminsa ya yi masa kyau.

Washegari aka kira Aukje ofis. Wani ya je da yamma ya ce da idonsa ya ga tana naɗe yatsa ranar da aka cika kwalayen. Tana da yanka a babban yatsa, kamar rabinmu.

“Yallaɓai, tawa ga ta nan a hannuna, ba ta je Jamus ba!”

“Ɗauki wuƙarki, Aukje.”

Garin ƙarami ne, shugabannin layi a mashaya ɗaya suke zama. Babu masana'antar da ta ƙara nuna ta. Ta bar yaran wurin yayarta, ta tafi birni tana goge ƙasa a otal. Mai shara ta ce ta ga Wiebe a bakin ofis da yammacin nan. Bayan mako guda aka ba shi farar rigar 'yan dindindin mai suna a ƙirji, aka ba ubanku ɗayar.

A ɗakin cin abinci na tare shi, gaban kowa.

“Barka da sabuwar riga, Wiebe. Ta yi maka daidai? Don a jikin Aukje aka auna ta.”

Ya dubi cikina, ya dubi kofinsa. “Zauna, Sietske, ƙafafunki sun kumbura.”

Ko musu bai iya ba, matsoraci. Daga ranar shi kaɗai yake cin abinci. Ya kai har shugaban ɗakin sanyi, amma babu mai zama kusa da shi ko a coci. Da aka haifi Hidde ya aiko da 'yar rigar ulu, na mayar masa ta ramin wasiƙa na ƙofarsa. Ubanku yakan ce, “Bar shi, Sietske, abin ya wuce.” Ni kuma in ce ina ma kowa na da zuciyar mijina.

Jiya, da saƙon Wiebe ya iso, mai filastar da aka tsinta a kwalin ya same ni a kicin, ya faɗa mini komai. Ba nadama ce ta kawo shi ba, kada ku ba shi wannan darajar. Tsoro ne, kada mai mutuwa ya riga shi magana. Mai shara ba ta yi ƙarya ba, Wiebe ya tsaya a bakin ofis. Kofi ya kai, ya ga wanda ya fito, ya haɗiye maganar shekara talatin da takwas saboda wata mai ciki da ke tofar da yawu in ta gan shi.

In na je, sai na fito na gaya wa gari, don ni ba na roƙon gafara a ɓoye. To ku yanke mini kafin Lahadi, tunda sunan da zai zube ku ma shi kuke amsawa: wanda ya kai Aukje ofis yana can bayan gida yana ba tattabarunsa hatsi, kuna ce masa Baba.