Sai Karan Ya Nutse

Guntun karan dawa ne, bai kai tsawon yatsana ba. Kawu ya ɗaura shi a zaren fatsata, muna cikin jirginsa a gefen kogin Kwara, bayan la'asar. Ya riga ya ce in na koma gida hannu rabbana, gona zan ci gaba da zuwa, ba ruwa ba.

Da karan ya ɗan motsa sai in fizge, ƙugiya ta fito fayau, kifi ya cinye tana. Har tanar ta kusa ƙarewa, idona ya ciko.

Kawu ya dafa hannuna. "Wagga rawa ba taka ba ta. Bari sai ya nutse."

Karan ya yi ta rawa, na cije leɓe. Can sai ya ɓace cikin ruwa. Na ja da iya ƙarfina, gorar fatsar ta lanƙwashe, sai ga ɗan giwan ruwa yana tsalle a kan ƙafafuna.

Kawu ya ƙwala wa masuntan da ke kusa da mu kira: "Ɗan ƙanwata ya kama!" Sannan ya dube ni. "Gobe kak ka makara."

Har yau in na ji ƙarnin kifi a kasuwa, sai kaina ya fasu.