Gurguwar Waƙar Lalle

"Dakata, Masi, ba haka ake yi ba," in ji ƙanwar amarya, ta ƙwace cokalin da tsohuwar mawaƙiyar ke ƙwanƙwasa ganga da shi. Masi, wato inna, kowa ke kiranta. "Tsufa ya sa kin manta. Saurari yadda Baturiya take yi."

Aka kunna waya. Matan gidan biki suka miƙe da rawa, har kakar amarya mai ciwon gwiwa.

Shekara talatin da biyu tsohuwar tana rera wannan waƙar lalle a ƙauyukan Ludhiana da ke yankin Panjab, ladanta kofin shayi da mayafi. Baturiyar kuwa mako uku ta yi a garin, ta koma Landan ta haɗa waƙar da kiɗan zamani. Yanzu hotonta ne a bayan kowace babbar mota.

"Kin ji? Nan ake tsallake bugu ɗaya," in ji ƙanwar amarya. " Gyara mana, Masi, kada ki kunyata mu gaban dangin ango."

Ai tsohuwar ta san wurin sarai. Ranar da Baturiyar ta durƙusa a tsakar gidanta tana roƙon a koya mata, da wata murya mai zaƙi da ta hana tsohuwar cin abinci kwana biyu don hassada, da gangan ta gurgunta mata waƙar, ta zare bugu ɗaya, don duk Panjab ta yi mata dariya.

Ta karɓi cokalinta, ta gyara zama, ta ɗauko gurguwar. Sai a karo na uku ta iya.