Alƙalin Kokawa da Kwalbar 'Yar Auta

Shekarar da ciwon gwiwa ya fitar da shi daga fili, wani tsohon alƙalin kokawa ya aurar da 'yar autarsa zuwa gari mai nisa. Ita a gonar kifi take aiki, wajen ƙyanƙyasar tarwaɗa, inda ake ciyar da jariran kifin da wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande na ruwan gishiri. Ta ɗebo kaɗan ta raine su a gida don sha'awa, cikin ƙatuwar kwalba irin ta masu sayar da alewa, har suka kai tsawon ƙwayar shinkafa, suna iyo a rigingine suna kaɗa ƙafafu masu kama da gashin tsuntsu. Ranar da za a kai ta, kwalbar ba ta samu wuri cikin kaya ba. Ta ajiye ta a tagar mahaifinta, ta nuna masa yawan gishirin da ake sa wa ruwan, da ɗan yis na burodi da ake barbaɗa musu su ci. Ta ce, "Baba, ba su da tsawon rai, 'yan watanni ne. Amma in an ƙyale su ba sa ƙarewa. Don Allah in zo in same su." Akwai sauran bayani a bakinta, sai dai ba irin wanda 'ya ke yi wa uba ba ne, ta haɗiye abinta. Shi kuwa ya karɓi amana.

Wata safiya ya leƙa kwalbar, ya ga ɗaya mai ƙahonni biyu kamar ƙugiya ya cafke wani ta baya, daidai ƙugu, suna zagaye a manne. Ya gyara zama yana jiran kaye. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, ba kaye, ba saki. A duk filin da ya taɓa busa usur, in riƙo ya daɗe haka alƙali ne ke shiga tsakani, kuma ya san wanda aka kama ta baya shi ke shan wuya. Ya ɗauko cokalin shayi da tsinken tsintsiya, da ƙyar ya raba su. Washegari sai ga wasu sun sarƙe. Da ya lura masu ƙahon nan su kaɗai ke kai hari, sai ya nemo wata kwalba, ya yi ta tsamo su ɗaya bayan ɗaya yana juyewa can. Da yake mutum ne mai adalci, gishirinsu ɗaya da na sauran, abincinsu ma ɗaya.

Matarsa ta shigo da koko, ta tsaya ta ɗan duba.

"Malam, ni wannan riƙon bai yi mini kama da faɗa ba."

"Ke kin taɓa shiga fili?"

"Ban taɓa ba. Amma na haifi bakwai."

Ya ce mata ta kai kokon can kada ta zuba musu.

Ba a jima ba ya ga waɗanda suka sha riƙo kafin ya kai musu ɗauki sun yi wani ɗan kumburi a gindin wutsiya, ya ƙara tabbata cewa rauni aka yi musu. Sai kuma wani gari launin ƙasa, kamar garin taba, ya fara taruwa a jikin gilashin daidai inda ruwa ya tsaya. Ba zai yiwu 'yarsa ta zo ta tarar da dauɗa ba. Kowace Juma'a yakan sa farin ƙyalle ya goge tas, ya wanke ƙyallen da sabulu ya shanya. Kwalaben suka zauna lafiya, ba faɗa, ba datti, kowa yana iyonsa shi kaɗai. A haka suka tsufa, suka riƙa nutsewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara abinci, ya rage, ya canza musu taga, ya daina fita hira. Damina ba ta ƙare ba sai da kwalaben biyu suka zama ruwa zalla.

Lokacin ne 'yar ta dawo gida goyon ciki. Bayan gaisuwa ya kai ta gaban tagar, kansa a ƙasa. Ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, Baba. Ina garin nan da ke taruwa a bakin ruwa? Ƙwansu ne. Ko ya shekara a bushe, da ya ji ruwan gishiri zai ƙyanƙyashe." Tsoho ya waiwaya tsakar gida, inda farin ƙyallen ke lilo a kan igiya. Ta bi idonsa ta gani. Can ta ce, "Wannan kwalbar ta biyun fa?" Ya bayyana mata yadda aka yi, da cokali da tsinke da masu ƙaho, bai rage komai ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗakin uwarta.

Bayan ɗan lokaci uwar ta fito, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Alƙali, masu ƙahon nan mazan ne. Wata da watanni aure kake ta kashewa."

Ya zauna a bakin gado, cokalin shayin yana nan a taga tsakanin kwalabe biyu masu sheƙi.

Abin da Hausawa ke faɗa ke nan: garin neman gira, an rasa ido.