Fim Ɗin Da Aka Hana Inna Kuka

Hawaye ya taru ke nan a idon Inna, darakta ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Wai ta share fuska, a sake ɗauka.

Inna ta dube shi sama da ƙasa. Tun kafin a yaye yaron nan take kuka a gaban kyamara. Ita ce uwar da ake kora daga gida, ita ce uwar da ɗa ke cikawa a hannunta, har ta kai in ta shiga kasuwa mata na tare ta suna ba ta haƙuri kan abin da aka yi mata a fim. Sunanta na yanka ya ɓace, kowa Inna Mai Hawaye yake cewa. An sha neman ta fito a muguwa tana ƙi, don ta ga yadda wata abokiyar aikinta ta daina fita unguwa saboda tsinuwar 'yan kallo. Sunan nan shi ne abin da ta mallaka, kuma da shi take so jikokinta su san ta.

Da sharaɗi ta karɓi aikin: a uwa za ta fito, wadda aka kashe wa ɗa da guba. Darakta ya ce uwa kam uwa ce. Fim ɗin irin mai tsinka zuciya ne, wanda ake ta laluben mai kisa har ƙarshe, don haka bai ba kowa labarin gaba ɗaya ba. Kowace safiya sai ya gaya wa mutum abin da zai yi ranar kawai. Ya ce in ɗan wasa ya san wanda ya yi kisan, idonsa zai tona asiri.

To ina kukan? Shiru. Sai aikin gida aka jibga mata, sai ka ce 'yar aiki aka ɗauko. Ta motsa wa ɗanta shayi, kyamara na kan hannunta. Ta wanke kofi, aka ce ta ƙara wankewa. Ta ja ƙofa a hankali. Aka tsayar da ita bayan labule da fitila ɗaya daga ƙasa, rabin fuskarta a duhu. Da ta yi wa mai kyamara ƙorafi, ya ce haka ake irin wannan fim, kowa sai an jefa masa inuwa don mai kallo ya rasa wanda zai zarga.

Abin da ya fi ci mata rai, yarinyar da ta fito a matar mamacin ita aka sakar wa kukan. Yarinyar da sai an ɗiga mata magani a ido! Inna na gefe tana kallon sana'arta a hannun wadda ba ta iya ko shessheka ba.

Ta daure har ranar da za a ɗauki zaman makoki. Ta shirya, ta tuno duk wani baƙin ciki da ta taɓa gani a duniya. Aka kunna fitilu, aka kawo kyamara daf da fuskarta. Sai darakta ya matso, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Inna, kukan nan naki ya tsufa. Mutane sun gaji da shi. Ki zauna kawai.”

Inna ta kafe shi da ido, haƙoranta a datse, zuciyarta na tafasa, har hawayen da ta tanada ya ƙafe. Ba wanda ya motsa, mai kyamara ma bai ɗago kai ba. Can ta miƙe ta gyara mayafi.

“Yaro, na haifi wanda ya girme ka.”

Ta fice. Bai bi ta ba, bai kira ba, bai aiko a ba ta haƙuri ba. Wannan rainin ya fi maganar zafi.

Ranar da za a fara nuna fim ɗin ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba. Amma 'yarta ta riga ta gayyato matan layinsu kaf, jikoki sun ci ado tun hantsi. Inna ta tafi, da niyyar ta ga iyakar wulaƙancin, in an tashi ta wanke darakta tas a gaban jama'a.

Gaskiya fim ya riƙe mutane. Aka zargi direba, aka koma kan abokin kasuwancin mamacin, da kiɗa ya sauya aka dawo kan matar. Inna kuwa jefi-jefi take bayyana, ta wuce kamar baƙuwa. Duk da haka tana fitowa za ka ji mata na cewa Allah sarki Inna. Ƙaramar jikarta na riƙe da hannunta, tana nuna ta da baki cike da alfahari.

Aka zo ƙarshe, ɗan sanda ya tara mutanen gidan a falo zai faɗi wanda ya zuba gubar. Inna ta tabbatar fim zai ƙare ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ta sunkuya tana laluben jakarta a ƙarƙashin kujera, tana jera kalaman da za ta gaya wa marar kunyar.

Kiɗa ya ɗauke. Wani a baya ya yi salati. Matan layinsu suka juyo ɗaya bayan ɗaya, jikarta ta zare hannunta a hankali ta matsa jikin uwarta. Inna ta ɗago kai, ta ga fuskar mai kisan ta cika allon, idanu a bushe, haƙora a datse: fuskarta ce, da kallon da ta yi wa darakta ranar makoki.